Tsakar Kan Anaruwa

Ku gyara zama, mai gyaɗa a aljihu ya fito da ita, don labarin nan ya ɗauko tsawon mai shi.

A Tungar Marke aka yi wani mutum ana ce masa Anaruwa. Ana tsuga ruwan sama aka haife shi, tsofaffin garin kuwa suka ce ruwan ne ya shige shi, shi ya sa ya yi ta tofo kamar dawar fadama. Yaro ya wuce uwarsa, ya wuce katanga, ya wuce rumbu, aka ce to, yanzu kam ya tsaya. Ina! Bai tsaya ba sai da ya zamana in ya miƙe, shi da giginya ke kallon juna.

Kada ku ɗauka abin daɗi ne. In zai kwanta, kansa na ɗaki, ƙafafunsa na lungun maƙwabta, kaji na hawa suna hutawa. In ka gaishe shi da safe, sai ka kusa gona amsar ta sauko ta same ka. Shi ne ya taɓa hango hadari ya ce a fito da iri, gari duka aka yi shuka, ashe ruwan na wata ƙasa ne. Aski kuwa ba a maganarsa. Tun da uwarsa ta rasu babu hannun da ya ƙara taɓa kansa, gashi ya yi kurmi har kurciya ta samu wurin zama.

Mutanen gari da gwiwarsa suke magana, don ita ce daidai fuskarsu. Mutum ɗaya ce ke ɗaga kai ta nemi idonsa har wuyanta ya ƙage, wato Gwamma, wata bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli. Sai ta ɗaure ƙuli a kan gora ta miƙa masa, ta ƙwala murya: “Dogo, yaya mutanen sama?”

Shi kuma ya ce, “Suna gaida na ƙasa.”

Daga yaya mutanen sama, magana ta kai ga aure. Gwamma ta ce ta yarda, amma ba ta shiga gidan kowa sai da albarkar ubanta. To, a nan gizo ke saƙar. Ubanta shi ne Baba Cindo wanzami, gajere ne duƙus kamar turmi, ga zuciya a kusa. Taƙamarsa ɗaya a duniya, babu kan da bai ga tsakiyarsa ba a Tungar Marke, har na Mai Gari. Yakan ce fuska ƙarya take yi, a tsakar kai ake sanin mutum.

Anaruwa ya je gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsugunna a ƙofar gida yadda ake yi wa suruki. Amma tsugunnon nasa ma kansa ya fi zaure tsawo. Baba Cindo ya fito, ya ɗaga kai har hularsa ta faɗi.

“Kai! A tsaye ake gaida suruki a gidanku?”

“A tsugunne nake, Baba.”

“Ƙarya kake yi! Ga ka can kana leƙa mini cikin gida!”

Anaruwa ya durƙusa, ya sunkuya, bai isa ba. Da abin ya ishe shi sai ya miƙe ruf da ciki a kan hanya, ƙafarsa ta ture rumfar mai nama a can bakin kasuwa. Baba Cindo ya ce, “A kwance? Gawa ce kai, ko ni ka mayar mahaukaci?” Wani ya kawo shawarar a jingina tsani tsoho ya hau. Wayyo, da ma bai faɗa ba! Baba Cindo ya yi tsalle ya dire, ya ce, “Ni in hau tsani don a gaishe ni? To ku shaida, na rantse ba zan ba shi Gwamma ba sai ranar da na tsaya da ƙafata a ƙasa, ya gaishe ni, na duba ƙasa na ga tsakar kansa!”

Rantsuwa ta fita, ba ta komawa. Anaruwa ya tashi jiki a sanyaye, ya nufi bayan gari.

Akwai wata tsohuwar kuka a can, wadda a ƙololuwarta akwai ’yar ƙofa da shanya a gefenta. Shi kaɗai ya san da ita, don shi kaɗai idonsa ke kaiwa. Da can in zai wuce sai ya kawar da kai ya yi bisimilla. Ranar nan kuwa ya tsaya ya yi sallama.

Ƙofa ta buɗe, wani aljani mai ido ɗaya da gemu har ƙasa ya leƙo. Ya ce, “Ya kai ɗan Adam, ƙofar nan tun da aka kafa ta ba a taɓa ƙwanƙwasa ta daga waje ba. Me ke tafe da kai?”

“Ranka ya daɗe, tsawo ne ya yi mini yawa. Ragi nake nema.”

“Sai ka je wurin Iya Mai Dakau, a ƙarshen kasuwarmu. Sai dai ƙofarmu ba ta faɗaɗa don baƙo. Ka yarda a naɗe ka?”

Kafin ya ce wane irin naɗi, aljanin ya kama shi ta ƙeya ya nannaɗe shi kamar tabarma, ya cusa shi ciki, ya warware shi a wancan gefen. Anaruwa ya miƙe yana jin kowace gaɓa tana ƙara. Ya duba, sai ga wata ƙasa shimfiɗe, samanta kore, ciyawarta shuɗiya, hanya ɗaya ta miƙe.

Ya fara shiga wani daji wanda itatuwansa ba su da aiki sai gulma. A sama suke yi, bakin wannan a kunnen wancan, don haka matafiya ba sa ji. Shi kuwa kunnensa daidai wurin yake. Tsamiya ta ce wa gawo, “Kai, ga wanda wanzami ya kora.” Gawo ya ce, “An ce har rumfar mai nama ya ture.” Ɗorawa ta ce, “Dubi kai, sai ka ce sheƙar shamuwa.” Suka riƙa miƙo rassa suna fizgar gashinsa don ya tanka, wanda ya tanka kuwa nan take yake zama itace. Anaruwa ya saba da wannan tun yana yaro. Ya haɗiye, ya wuce abinsa.

Daga nan sai wani kogi ja wur, ruwansa na tafasa. A tsakiyarsa ga kwalekwale cike da aljanu, wani tsohon matuƙi na ta tuƙi yana haki. Duk sanda suka kusa gaɓa, sai gaɓar ta tattara kanta ta ja da baya. Matuƙin ya ce, “Ya kai dogon baƙo, koma inda ka fito. Ina saurayi na ɗauko mutanen nan, ga shi har na yi furfura ba mu sauka ba.”

Anaruwa ya naɗe wando, ya buɗe ƙafa ya yi taku ɗaya. Kafin gaɓar ta ankara ya take ta. Ta yi ta mutsu-mutsu a ƙarƙashin tafinsa tana ƙugi, shi kuwa ya miƙa hannu ya ɗauko kwalekwalen da mutanensa ya ajiye a tudu. Aljanu suka yi ta faɗuwa suna sumbatar ƙasa. Wata ta ce biki za ta je, wani ya ce mata jikan amaryar ma ya yi aure.

Matuƙin ya kama babban yatsan ƙafarsa ya ce, “Ladan alherinka nasiha ce. Kasuwarmu ba irin taku ba ce. Abin da bakinka ya roƙa shi za a ba ka, kuma sau ɗaya tak ake mayar da ciniki. Ka kama bakinka.”

Anaruwa ya ce ya ji. Ji kam ya ji.

Kasuwa ta ci ta tumbatsa. Ga mai sayar da inuwa a tulu, ga mai tallan atishawa, ga dillalin minshari yana ɗanɗana wa masu saye. Wata aljana ta bi shi tana cewa ya sayar mata da inuwarsa ta yi rumfa. Bai kula kowa ba sai da ya kai ƙarshe, inda ya tarar da wata tsohuwa ’yar firit zaune gaban turmi mai girman rumbu, taɓaryarta na tsaye ita kaɗai a sama tana jiran umarni.

Ya tsugunna ya ce, “Iya, barka da aiki.”

“Barka kadai, ɗan Adam. Na san abin da ya kawo ka, itatuwa sun riga ka isowa. Zan daka ka, ka koma daidai da mutane. Amma ka sani, tsawo ba ya mutuwa, gida yake sakewa. Duk wanda ke cikin zuciyarka lokacin da taɓarya ta sauka, shi zai ɗauka.”

Anaruwa ya yi murmushi har kunne. Wannan ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama! Baba Cindo zai sa a ransa, tsoho ya samu abin da ya rasa, shi kuma ya huta. Ya shiga turmi, ya runtse ido yana ta maimaitawa, “Baba Cindo, Baba Cindo, Baba Cindo.”

Abin da bai sani ba, da safen nan Iya gyaɗa ta daka a turmin. Ƙamshi ya bugi hancinsa. Daga gyaɗa sai ƙuli, daga ƙuli sai gora, daga gora sai hannun da ke riƙe da ita. Baki na cewa Baba Cindo, zuciya ta tafi wani wuri. Tim! Taɓarya ta sauka.

Ya fito daga turmi da ƙulu a ka, amma daidai da kowa. Jama’a, ku zo ku ga murna! Ya ga yatsun ƙafarsa kusa-kusa, ya ga tururuwa da idonsa, ya shiga ƙarƙashin rumfa ya fito, ya sake shiga don daɗi. Ya kalli mai tallan atishawa ido cikin ido har sai da aljanin ya tsargu.

Iya ta ce, “Kafin ka tafi, zo ka ga inda kayanka suka sauka.” Ta tura masa ƙwarya cike da ruwa.

Ya leƙa, sai ga Tungar Marke. Ga gidan Baba Cindo, ga Baba Cindo nan duƙus yadda yake, yana zagaye wasu ƙafafu biyu yana salati. Anaruwa ya bi ƙafafun da kallo har sama. Gwamma ce. Tana cikin suyar ƙuli abin ya same ta, ta fasa rufin madafa ta tafi da shi a ka kamar malafa. Zaninta dai ya bi ta ya miƙe, don aljanu ma sun san kunya. Yara sun watse, mata sun rufe ƙofa. Tana ta kiran sunayen maƙwabta, babu mai ɗaga kai. Can sai ta sa bayan hannu ta share ido.

Murna ta koma ciki. Anaruwa ya faɗi gaban tsohuwa ya ce, “Iya, don girman wanda ya halicce mu da ku, mayar mini da kayana.”

“Yi tunani, ɗan Adam. Yadda kake yanzu rantsuwa ta warware. Wanzami zai ga tsakar kanka, ya ba ka ’yarsa har da godiya, don wa zai aure ta yanzu in ba kai ba? In na mayar, na mayar ke nan, taɓaryata ba ta sauka a kai ɗaya sau biyu.”

“Ya ba ni ita tana can ita kaɗai? Iya, na san wurin nan, a can na girma. Babu kowa sai shirwa. Gara in rasa ta tana cikin mutane.”

Tsohuwa ta dube shi, ta gyaɗa kai. Ta buga gefen turmi, sai ga wani farin hayaƙi ya taho daga gabas ya cika ƙwarya. Ta ɗauki mudu ta shiga awo tana juye masa a ka. Kowane mudu sai ya ji ya ƙaru, ya wuce rumfa, ya wuce turmi, har ta kai ga sai ta hau taɓarya ta bi shi sama. Ta juye na ƙarshe, ta kaɗe mudu, ta ce, “Kayanka sun cika.”

To, ku faɗa mini, wane ɗan Tungar Marke ne za a auna masa abu a kasuwa, a kaɗe mudu, ya tafi haka nan? Ba shi ya yi magana ba, sabo ne. Baki ya buɗe da kansa ya ce, “Haba Iya, ba gyara?”

Kasuwa ta yi tsit. Dillalin minshari ya dafe kai. Iya ta ƙyalƙyale da dariya har taɓarya na rawa, ta ce, “Ai kuwa ka yi ciniki, ka ci gyara!” Ta dumbuzo hannu guda ta watsa masa.

“Na janye! Iya, na janye!”

“An gaya maka a bakin kogi. Sauka lafiya.”

Haka ya juyo, ya fi yadda ya je tsawo. Gaɓar kogi na hango shi ta kwanta lamo. Itatuwa ba su samu kunnensa ba, ya wuce su. Mai ido ɗaya ya naɗe shi yana mita, wai tabarmar nan ba haka ya shigar da ita ba.

Ya fito ya kwana a gindin kuka, ya kasa shiga gari don kunya. Sai dai ɓuya ba ta mutum irinsa ba ce. Hantsi bai gama dubawa ba sai ga Gwamma, ta koma yadda take, da sauran ciyawar rufi a ɗankwalinta. Ta ɗaga kai, ta ƙara ɗagawa.

“Dogo, ƙaruwa ka yi?”

“Gyara na roƙa.” Ya kwashe labari duka ya faɗa mata.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Da ta gama sai ta ce, “Jiya na je garinku na sama. Daga azahar zuwa la’asar kawai na yi, na kira kowa, babu wanda ya amsa. Haka kake tun tuni?”

“Sai ke.”

“Ka samu hanyar sauka, ka koma don ni?”

Sai ya shiga tsinkar ganyen kuka.

Ta miƙe ta kaɗe zani. “To tashi. Hawan nan bai tafi a banza ba. Daga sama na hango wani abu a gefen zaurenmu, da’ira ce a cikin ciyawa. Tsohuwar rijiyar kakana ce da ta ƙafe, aka rufe ta da itace aka manta. Kai kullum kana ganinta, ba ka taɓa tunani ba?”

“Na ɗauka kowa na ganinta.”

“Allah ya shirye ka. Wuce mu je.”

Suka yaye itace da ciyawa. Anaruwa ya zura ƙafa, ya bi a hankali, ya yi ta shiga, ya yi ta shiga, har tafinsa ya taɓa ƙasa. Kansa ya tsaya daidai bakin rijiya, bai fito ba, bai nutse ba. Ya gyara murya ya ce, “Salamu alaikum.”

Baba Cindo ya fito daga zaure, ya dafe hula ya ɗaga kai sama yadda ya saba. Babu kowa sai gajimare.

“Wa ke sallama?”

“Ni ne, Baba. A ƙasa nake. Ina kwana?”

Tsoho ya duba gaban ƙafarsa, ya ja da baya, ya sake matsowa. Ga kai nan shimfiɗe a gabansa, tsakarsa a fili. Ga sheƙar kurciya da ƙwai biyu, ga ƙwallon giginya, ga wata hula da iska ta ɗauke wa Mai Gari tun bara waccan.

Gwamma ta ce, “Baba, ƙafarka na ƙasa, ya gaishe ka, ka duba ƙasa. Ko da saura?”

“Ke, rufe mini baki! Wannan kai ne ko kurmi?” Yatsunsa suka fara motsi da kansu, don wanzami ba ya ganin irin wannan ya yi haƙuri. “Ɗauko mini zabira, ki haɗo da ruwa da sabulu.”

Ya tsugunna a bakin rijiya. Hannunsa gajere ne, da kyar ya kai, da babu gyaran Iya da aska ba ta taɓa gashi ba. Ya ɗauke sheƙar a hankali ya ba Gwamma ta ɗora a katanga, ya jiƙa kai, ya shiga aski. Gari ya taru ana kallo. Gashi ya yi ta zuba har aka tara tsibi. Da ya iso tsakiya sai aska ta tsaya.

“Wannan ƙulun fa? Wa ya dake ka?”

“Taɓarya ce, Baba.”

“Garin yaya?”

Kafin Anaruwa ya buɗe baki, Gwamma ta ce, “Garin rantsuwarka. Kuma ya samu abin da ya je nema, ya mayar don a sauko da ni.”

Baba Cindo ya ƙarasa askin, ya goge aska, ya daɗe yana duban kan nan. Sannan ya ajiye aska, ya buɗe tafinsa ya ɗora a tsakar kan, ya bar shi a wurin.

“Na ga kai iri-iri,” in ji shi. “Wannan na kirki ne. Na ba ka ita. Allah ya yi maka albarka, ɗana.”

Tun rasuwar uwarsa Anaruwa bai ji ɗumin hannu a kansa ba. Ya so ya ce na gode, sai kafaɗunsa suka fara rawa, hawaye ya ɓalle. Kukan mutum irinsa kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Aka ji ɗis, ɗis, daga nan sai shaa a can ƙasa.

Baba Cindo ya leƙa ya ce, “Kai, ya isa haka, za ka nutsar da kanka! Ku fito mini da suruki!”

Rijiyar da ta ƙafe tun zamanin kaka ba ta sake ƙafewa ba. Aka sha biki. Kowace Juma’a Anaruwa kan zo ya naɗe wando ya shiga, ruwa iya gwiwa, ya gaida surukinsa, tsoho ya tsugunna ya yi masa aski suna hira fuska kusa da fuska.

Nan labari ya tsugunna. Wanda ya ce ƙarya na yi, ya je Tungar Marke ya ja guga ɗaya ya kurɓa. Matan garin in sun yi miya da ruwan, ba sa ƙara gishiri.